Keken hawa dutse ga yaro ɗan shekara 14: wanne riyal 1,200 za ta saya?

Baban_Mujahid:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar keke a cikinku. Ɗana yana da shekara 14, tsawonsa santimita 158, kuma ya daɗe yana roƙon a saya masa keken hawa dutse, irin mai kaurin taya da giya, domin abokansa sukan fita bayan gari ta gabashin Jidda ranar Asabar da sassafe, sannan lokacin hutu mukan je Ɗa'if wurin kawunsa inda akwai hanyoyin tsakuwa da hawa da gangara. Abin da na ware riyal 1,200 ne, kuma ba zan iya wuce haka ba. Na ga wani a babban kanti mai shokozoba gaba da baya, da giya 21, da birkin faifai, kuɗinsa bai kai rabin abin da na ware ba, kuma shi ne yaron ya ƙwallafa rai a kansa. Wani abokin aikina kuwa ya ce in rabu da shi, in nemi na hannu na sanannen kamfani. Wanne ya fi dacewa, kuma me ya kamata in duba kafin in biya?

Bakanike_Sabil:
Wa alaikumus salam, Baban Mujahid. Gyaran keke sana'ata ce, saboda haka zan faɗa maka abin da nake gani a shago kullum. Wancan mai shokozoba gaba da baya da ka gani, ka bar shi inda yake. Idan kamfani yana son ya sayar da keke da arha kuma ya cika shi da kayan da ke jan ido, dole ya rage kuɗin a wuraren da mai saye ba ya dubawa, wato ƙarfen gangar keken (jikinsa, wanda ake haɗa sauran sassa a kai), da boris, da rim, da na'urar sauya giya. Shokozobar bayan nan ba komai ba ce illa murɗaɗɗen ƙarfe da ba shi da abin da zai riƙe shi ya dawo a hankali, don haka duk lokacin da yaro ya taka feda sai keken ya lotsa ya tashi, wani ɓangare na ƙarfinsa ya tafi a banza. Kusoshin da ke haɗa gaban gangar da bayanta sukan fara wasa bayan 'yan watanni, kuma ba a sayar da madadinsu. Ga nauyi kuma: irinsu sukan doshi kilo 18 ko fiye, alhali keke mai gangar alminiyam da shokozobar gaba kaɗai yakan tsaya wajen kilo 14 zuwa 15. Ga yaron da nauyinsa bai wuce kilo 50 ba, wannan bambanci ba ƙarami ba ne idan ya fuskanci hawa.

A kuɗin da ka ambata, nemi mai shokozoba a gaba kawai, mai gangar alminiyam, wanda aka rubuta sunan kamfanin da ya ƙera giyarsa da birkinsa a jikinsu, kamar Shimano ko Microshift ko Tektro. Abin da ba shi da suna a jiki, yawanci ba shi da kayan gyara a kasuwa.

Ummu_Safwan:
Na goyi bayan Malam Bakanike. Mun taɓa sayen irin wannan a wani kanti, kafin shekara ta zagayo giyar ta daina shiga, wayar birki ta yi tsatsa, yanzu yana jingine a ƙarƙashin bene. Arha ba ta ado. Sai dai ina so in ƙara da cewa kada ka zuba riyal 1,200 ɗin duka a kan keken. Hular kwano, da makulli, da famfo, da fitila, da tib na ko-ta-kwana duk kuɗi ne, kuma za ka saye su ko kana so ko ba ka so.

Kawu_Garba_Makka:
Ni ban ga abin wahala a nan ba. A zamaninmu Raleigh da Phoenix muka hau, babu giya ko ɗaya, kuma da su ake ɗaukar buhun hatsi daga ƙauye zuwa kasuwa. Shawarata ita ce a saya masa babba, wanda zai yi shekara biyar yana hawa. Yaro ɗan shekara 14 yau ka auna shi, baɗi ya fi ka tsawo. Idan ka sayi daidai jikinsa, nan da shekara biyu za ka sake fitar da kuɗi.

Dan_Ɗaif:
Kawu Garba, Allah ya ƙara girma, amma a wannan gaɓar ina ganin akwai gyara. Keken ɗaukar kaya a shimfiɗaɗɗiyar hanya daban yake da keken da za a gangaro da shi daga tudu a kan tsakuwa. A nan Ɗa'if, garin kansa ya haura mita 1,800 daga saman teku, yankunan Hada da Shafa da ke kan duwatsu kusa da shi kuma sun fi haka, kuma kusan duk hanyar ƙasa da za ka bi tana da gangara. Idan keke ya fi ƙarfin yaro, hannuwansa za su miƙe sosai kafin su kai ƙaho, ba zai iya ja da jikinsa baya ba a gangara, yatsunsa kuma ba za su kama birki da kyau ba. Idan ya tsaya ba shiri, sandar keken ce za ta tare shi kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa.

Gwajin ba shi da wuya. Yaron ya tsaya da keken a tsakanin ƙafafunsa, tafin ƙafa biyu a ƙasa, a ga akwai tazarar da ta kai aƙalla santimita 5 tsakanin jikinsa da sanda. Sannan ya zauna a kan sirdi ya ɗora diddigensa a kan feda lokacin da take can ƙasa. Idan ƙafar ta miƙe daidai ba tare da ya karkace ba, tsayin sirdin ya yi. Mai tsawon santimita 158 a jadawalin kamfanoni da dama yana faɗawa a girman S, wato ƙarami. Wannan girman yana da sarari, domin sandar sirdi tana ɗagawa sosai, kuma ana iya sauya ɗan ƙarfen da ke riƙe ƙaho da wanda ya fi tsawo idan yaron ya ƙara girma. Abin da ba a iya yi shi ne a rage gangar da ta yi yawa.

Kawu_Garba_Makka:
To, ɗana, na ji bayaninka. Amma idan yaron ya kai santimita 170 nan da shekara biyu fa? Wa zai biya?

Malam_Habu_Riyad:
Kawu, wannan tambayar taka ita ce ma babbar hujjar sayen na hannu. Keken sanannen kamfani irin su Trek ko Giant ko Scott ko Merida, idan an saye shi na hannu, wanda ya fara saye ya riga ya ɗauki asarar faɗuwar farashi. Idan yaron ya fi ƙarfinsa bayan shekara biyu, sai a sayar da shi a kusan abin da aka saya, a cika kuɗi kaɗan a ɗauki girman M, wato matsakaici. Keken kanti kuwa ranar da ya fita daga ƙofa darajarsa ta zube, kuma bayan shekara biyu sai dai mai sayen ƙarfe.

A ƙasar nan akwai mutane da yawa da suke sayen keke mai kyau da niyyar motsa jiki, su hau shi 'yan kwanaki lokacin sanyi, zafi yana shigowa su jingine shi, daga baya su sa shi a kasuwa. Akwai kuma ma'aikata baƙi da kwangilarsu ta ƙare, suna sayar da kayansu da gaggawa kafin su tafi. A manhajar saye da sayarwa ta Haraj za ka ga irinsu, musamman a ƙarshen shekarar karatu. Nemi Trek Marlin ko Giant Talon a girman da jadawalin kamfanin ya nuna wa tsawon yaron. Na ɗana da yake hawa a kwarin Wadi Hanifa na nan Riyad ta haka na same shi, kuma abin da na sauya kawai kaca da robar ƙaho.

Abu_Nusaiba:
Malam Habu ya yi sa'a ne, amma ba kowa ke dacewa haka ba. Wanda bai san keke ba, idan ya shiga kasuwar na hannu yana iya sayo wahala. Akwai masu manna sunan babban kamfani a jikin keke maras daraja, akwai kuma na sata. Ni a ganina Baban Mujahid ya je Decathlon, masu sayar da kayan wasanni, tunda suna da shago a Jidda, ya duba kekunansu na Rockrider. ST 100 yana da gangar alminiyam, da wili mai inci 27.5, da giya 21, da birkin roba mai kama rim. ST 120 yana sama da shi, yana da birkin faifai na waya, da faifan haƙora guda ɗaya a gaba da tara a baya. Za a ba shi takardar shaidar saye da garanti, a haɗa masa keken a wurin, yaron kuma ya gwada girma biyu kafin a zaɓa. Ya duba farashin da kansa domin yana sauyawa, kuma ya tuna cewa harajin kashi 15 cikin 100 yana cikin abin da zai biya a kowane sabon kaya. Idan bai yi gaggawa ba, manyan shaguna sukan yi rangwame wajen bikin ranar ƙasa, 23 ga Satumba, da kuma cikin watan Nuwamba.

Baban_Mujahid:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fahimci batun girma, kuma na haƙura da mai shokozoba biyu, ko da yake ban san yadda zan shawo kan yaron ba tukuna. Amma Abu Nusaiba ya jefa ni cikin wani ruɗanin: ta yaya mai giya tara zai fi mai giya 21 tsada? Na ɗauka yawan giya shi ne inganci.

Bakanike_Sabil:
Wannan ruɗanin shi masu kanti suke ci da shi. Giya 21 ba komai ba ce illa faifai uku a gaba da bakwai a baya, uku sau bakwai. Amma da yawa daga cikin haɗe-haɗen nan maimaici ne, wasu kuma ba a so a yi amfani da su, domin idan kaca tana kan babban faifai a gaba kuma tana kan babba a baya, takan karkace ta riƙa goga tana cinyewa. Yaran da ake kawo mini kekunansu kusan duk na'urar gaba ce ke ba su matsala: kaca ta zame, ko ta maƙale tsakanin faifai da ganga. Mai faifai ɗaya a gaba ba shi da wannan na'urar gaba ɗaya. Hannu ɗaya ne ke sauya giya, kuma a baya akan sa babban faifai mai haƙora kamar 42 domin hawa tudu ya yi sauƙi. Ga yaro, sauƙin nan ya fi yawan lamba amfani.

Akwai wani abu da nake so kowa ya koyi dubawa, domin shi ne ke raba keken wasa da keken aiki. Ka tsuguna ka ƙirga haƙoran ƙaramin faifan baya. Idan ka samu 14, kusan tabbas firiwil ne, wato irin tsohon tsarin da ake murɗa tarin faifan a jikin wili. Idan ka samu 11 ko 12, yawanci kaset ne, wato sabon tsarin da ake zura tarin faifan a kan wani mazauni da ke jikin wili. A tsarin firiwil mai faifai bakwai, boris na ɓangaren dama yana can ciki nesa da inda ganga ta riƙe wilin, saboda haka wani yanki na ƙarfen tsakiya, wanda wili ke juyawa a kansa, yana rataye ba madogara. Yaro ya yi tsalle daga kan dakali sau da yawa, ƙarfen ya lanƙwashe ko ya karye, wilin ya fara rawa. A tsarin kaset boris yana kusa da bakin ganga, shi ya sa ya fi jure duka. Ban ce kada a sayi mai firiwil ba idan kuɗi bai kai ba, domin ƙarfen tsakiyar ba shi da tsada, amma a san abin da aka saya.

Game da matakan ingancin kayan giya na Shimano, daga ƙasa akwai Tourney, sai Altus, sai Acera, sai Alivio, sai Deore, kuma tun 2023 suka fito da wani layi mai suna CUES. A riyal 1,200, sabon keke yawanci Tourney ko Altus zai zo da shi. A na hannu kana iya dacewa da Acera ko sama.

Hajiya_Rabi_Madina:
Ni tambayata ta daban ce, ku yi haƙuri. Shin yaron nan dutse zai hau da gaske, ko kuwa tsakanin gida da baƙala, wato kantin unguwa, da masallaci zai riƙa zirga-zirga, sai kuma Kornish, titin bakin teku, wani lokaci? Na ga iyaye da yawa suna sayen kaya saboda tafiyar da za a yi sau biyu a shekara. Idan kwalta ce mafi yawan hanyarsa, keke maras shokozoba mai matsakaiciyar taya zai fi sauƙin tuƙi, ya fi rashin nauyi, kuma kuɗin da za a kashe a shokozoba sai ya tafi a ingancin giya da birki.

Dan_Ɗaif:
Hajiya ta taɓo magana mai muhimmanci, kuma akwai gaskiya a cikinta fiye da yadda masu sayarwa za su yarda. Shokozobar gaba da ke zuwa a kekunan wannan farashi, irin su SR Suntour XCT ko XCE, murɗaɗɗen ƙarfe ne a ciki, kuma an ƙera shi ne da lissafin nauyin babban mutum. Yaro mai kilo 45 ko 50 ba ya iya danne ta sosai, don haka ko da an rubuta tana lotsawa milimita 80 ko 100, shi ba zai ci moriyar rabin wannan ba. Shokozoba mai iska, wadda ake daidaita ta da nauyin mahayi, ta fi dacewa da yara, amma sabon keke mai irinta ya fi ƙarfin kuɗin da ake magana. Abin da zai sa yaro ya ji taushi a kan tsakuwa shi ne taya mai faɗi, kamar inci 2.2, wadda ba a cika mata iska fiye da kima ba. Mutane sukan bari mai faci ya ɗura iska har taya ta zama kamar dutse, sai keken ya riƙa tsalle yana zamewa a kwana.

Duk da haka, Hajiya, Baban Mujahid ya ce abokan yaron bayan gari suke fita kowane mako. A yashi da tsakuwa siririyar taya nutsewa take yi, kuma yaron da aka bari a baya ba zai daɗe yana son keken ba.

Abu_Nusaiba:
A nan ina tare da Dan Ɗaif. Keken hawa dutse yana tafiya a kwalta ko da ba da sauri ba, amma keken kwalta ba ya tafiya a rairayi.

Sani_Karantina:
Tunda ana maganar na hannu, bari in faɗi yadda nake duba keke idan na je kasuwar kayan hannu ta Harajin Sawarikh a kudancin Jidda, ko idan na haɗu da mai sayarwa ta manhaja. Da farko nakan je da rana, ba da dare ba, da tsumma a hannu. Ina goge wuraren walda, musamman inda ganga ta haɗu da wuyan keke da kuma ƙasan sirdi, in duba ko akwai tsaga siririya kamar gashi ko fenti ya yi ƙurji. Gangar alminiyam da ta tsage ba abin saye ba ce ko nawa aka rage. Daga nan sai in kama birkin gaba in tura keken gaba da baya. Idan na ji ƙas-ƙas a wuya ko a shokozoba, akwai wasa. In ɗaga kowane wili in juya shi ina kallon bakin rim, in ga ko yana layi, sannan in matsa sifoku biyu-biyu da yatsu in ji ko akwai wanda ya saki. In kama feda in girgiza ta gefe da gefe. In kwance sandar sirdi in tabbatar tana motsi, domin a Jidda danshi da gishirin teku sukan sa ta manne da ganga har ta gagara fita, kuma keken da sirdinsa ba ya ɗagawa ba shi da amfani ga yaro mai girma. Sandunan shokozoba guda biyu masu sheƙi su ma a duba su, idan sun yi tsatsa ko sun kakkarce, ta gama aiki.

Sai a tsaya a bayan keken a kalli na'urar giya ta baya. Ya kamata ta sauko a miƙe daidai da faifan da kaca take kai. Idan ta karkata ciki, ɗan ƙarfen da ke rataye ta ya lanƙwashe. Ana sauya shi da kuɗi kaɗan, amma kowane samfurin keke yana da nasa siffar, don haka a tabbatar ana samunsa. Haƙoran faifai idan sun yi tsini sun karkata gefe ɗaya, to kaca da faifan duka sun cinye, sai a cire kuɗin sauya su daga farashi.

Na ƙarshe, a kifa keken a duba lambar da aka buga a ƙarƙashin ganga, wajen da feda biyu suka haɗu. Idan an kankare ta, ka yi sallama ka tafi. Ka tambayi takardar saye, idan babu kuma ka tambayi inda aka saya da dalilin sayarwa, ka saurari yadda zai amsa. Mu baƙi ne a ƙasar nan, bai kamata a sami kayan da ake cigiya a hannun yaronka ba.

Ummu_Safwan:
Malam Sani, Allah ya saka. Amma wannan duk aikin wanda ya sani ne. Baban Mujahid da bai san bambancin giya tara da 21 ba, ya za a yi ya gane tsaga a walda? Ko dai ya tafi da wanda ya sani, ko ya bi shawarar Abu Nusaiba.

Malam_Habu_Riyad:
Abin da ya fi sauƙi shi ne a yi alƙawari da mai sayarwa a haɗu a shagon gyaran keke, a ba makanikin ɗan wani abu ya duba. Mai gaskiya ba zai ƙi ba. Wanda ya ƙi kuwa ya riga ya ba ka amsa.

Yaya_Murtala:
Ba wanda ya yi maganar birki sosai, alhali shi ne abin da ya fi damuna idan aka ambaci Ɗa'if. Birkin roba mai kama rim ba abin rainawa ba ne a ƙasa busasshiya irin tamu, kuma mai kyau daga cikinsa ya fi birkin faifai maras suna kamawa. Matsalarsa biyu: idan rim ya ɗan karkace sai ya riƙa goga, kuma a doguwar gangara rim yana ɗaukar zafi. Birkin faifai na waya bai damu da karkacewar rim ba, amma yana bukatar a riƙa daidaita shi yayin da takalmin birkin ke cinyewa. Birkin faifai na mai, wanda ke aiki da mai a maimakon waya, irin Shimano MT200 ko wasu na Tektro, shi ne ya fi sauƙin matsawa, da yatsa ɗaya ko biyu, kuma wannan yana da muhimmanci ga yaro mai ƙananan hannuwa, domin hannun da ya gaji ba ya tsayar da keke. Idan an dace da na hannu mai birkin mai, ni shi zan ɗauka. A kula dai kada man kaca ya taɓa faifan birki, domin takalmin yana shan mai ya lalace. Kuma a nemi ɗan kusar da ke matso da hannun birki kusa da ƙaho, a daidaita shi da yatsun yaron tun ranar farko.

Kuma don Allah, kowane irin birki aka saya, kada a bar yaro ya sauka babbar hanyar Hada da keke. Hanyar motoci ce mai kwana-kwana da gangara mai tsawo.

Bakanike_Sabil:
Yaya Murtala ya yi gaskiya, sai dai birkin mai idan iska ta shiga cikinsa ba kowane mai faci ne zai iya gyarawa ba, sai shagon da ke da kayan aikin, kuma na Shimano da Tektro suna da irin man da suke sha, ba a zuba musu man birkin mota. Na waya kuwa kowa yana gyara shi da sifana. Mai ƙaramin ƙarfi ya lissafa wannan.

Tunda Ummu Safwan ta kawo batun kayan haɗi tun farko, bari in ƙarasa. Abin da ke kashe wa yara fita a bayan gari ba giya ba ce, ƙaya ce. Itatuwan da ke cikin kwaruruwan nan duk masu ƙaya ne, kuma fita ɗaya tana iya huda tib a wuri uku. A sayi tib mai ruwan toshe huji a ciki, ko a ɗura ruwan a wanda ke kai, kuma yaron ya koyi cire taya da yin faci da hannunsa kafin ya fara nisa. A duba bawul ɗin tayar kafin a sayi famfo, domin iri biyu ne, mai kauri irin na mota da siriri. Man kaca kuma a nemi busasshe na keke. Baƙin mai na mota yana tara yashi, yashin kuma ya cinye kaca da haƙora. Kada a wanke keken da injin feshin ruwa na wankin mota, yana kore giris daga cikin boris. Kada kuma a bar shi a rana a saman gida, robar taya da sirdi tsagewa suke yi.

Hajiya_Rabi_Madina:
Hular kwano kuma a saya sabuwa, kada a karɓi ta hannu ko da kyauta ce, domin wadda ta taɓa bugun ƙasa tana iya lalacewa a ciki ba a gani. A duba cikinta a ga alamar inganci ta EN 1078 ta Turai ko CPSC ta Amurka. Kuma uba ya kafa sharaɗi tun kafin keken ya shigo gida: babu hula, babu hawa, fita bayan Asuba ko bayan La'asar kawai, gorar ruwa a cike.

Kawu_Garba_Makka:
Duk na karanta, kuma har yanzu ina ganin an yawaita lissafi a kan abin hawan yaro. Amma tunda kun ce ana iya sayarwa a sake saye, ba zan ja ba. Abu ɗaya da zan ce wa Baban Mujahid shi ne kada ya ci bashi, kada kuma ya shiga tsarin biya kaɗan-kaɗan na Tabby ko Tamara don ya haura abin da ya ware. Abin da ke aljihu shi ne kuɗi.

Abu_Nusaiba:
Kawu, a kan bashi babu jayayya. Amma har yanzu ban gamsu da cewa na hannu ya fi ba. Idan aka ware riyal 250 na hula da makulli da famfo da fitila, saura 950. Idan an sayi na hannu a 800, sannan aka sauya kaca da taya biyu da takalmin birki, ina ribar? Sabo aƙalla an san babu abin da za a taɓa a shekarar farko.

Malam_Habu_Riyad:
Ribar tana cikin ganga da wili da birki, waɗanda sabo a wannan kuɗin ba zai ba ka irinsu ba, kuma tana ranar da za a sayar. Kaca da taya kayan cinyewa ne, ko sabon ma za a sauya su.

Baban_Mujahid:
Na sake auna yaron jiya da daddare ba takalmi, santimita 159 ya nuna. Na samu talla biyu a Haraj a nan Jidda. Ɗaya girman S ne mai wili 27.5 da birkin faifai na waya, mai shi yana neman riyal 850 kuma ya ce yana da takardar saye. Ɗayan girman M ne mai wili 29 da birkin mai, ya fi kyan gani a hoto, yana neman 1,000, kuma shi ne yaron yake so yanzu. Ranar Alhamis kuma za mu biya shagon da Abu Nusaiba ya ambata domin ya hau S da M ya ji bambancin. Malam Bakanike, idan na shawo kan mai na farkon ya kawo shi shagonka a unguwar Sabil, za ka iya duba mini shi?

Bakanike_Sabil:
Ku kawo shi bayan La'asar, kuma ku zo da yaron, domin sai ya hau zan iya daidaita sirdi da hannun birki. Kafin nan ka ce wa mai keken ya turo maka hoton ƙaramin faifan baya daga kusa, da hoton lambar ƙarƙashin ganga.

Dan_Ɗaif:
Na M ɗin nan mai wili 29 zai yi wa mai santimita 159 yawa, duk kyan birkinsa. Amma ka tambayi mai shi ko kamfanin da samfurin mene ne, domin M na wani kamfani ya fi na wani gajarta, kuma jadawalin girman kowane samfuri yana shafin kamfanin.

Yaya_Murtala:
Ni dai da zan samu mai S ɗin ya sauko zuwa 700, da na ɗauka na ajiye sauran, bayan wata shida in sauya birkin gaba kaɗai zuwa na mai, tunda shi ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa. Malam Bakanike, faifan milimita 160 da ke zuwa da na waya zai yi aiki da MT200, ko sai an sauya shi ma?